Muryar da Na Rataye a Ƙofar Shago

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. Ka ɓoye sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin wasu daga cikin waɗanda abin ya shafa suna raye, garinmu kuma bai kai girman da magana za ta ɓace a cikinsa ba.

A shekarun da nake ba da labari ni saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai. Na gama difloma a Katsina, na buɗe ɗan shagon kwamfuta a Magama, dab da shingen iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka Nijar. Ina buga wa direbobi takardu, ina gyaran waya da kwamfuta, ina zuba wa mutane karatu da wa'azi a memori. Kowa Injiniya yake ce mini, sunan kuwa ya hau kaina ya zauna daram. Babban abin alfaharina shi ne wata tsohuwar kwamfutar tebur da na haɗa da hannuna daga gawarwakin wasu guda uku, na ɗora mata Linux, manhajar nan ta kyauta da kowa ke iya buɗe cikinta ya gani. Duk layin ni kaɗai nake aiki da ita. In mutane sun taru a shagon sai in buɗe baƙin allo in yi ta buga umarni, fararen rubutu suna gudu, alhali wani lokacin kwanan wata kawai nake dubawa. Ina son a ce na sani, kuma gaskiya na fi son a faɗi hakan a kan in san abin.

Akwai wata al'ada da ta tsiro a shagon ba tare da na shirya ta ba. Mutanen iyaka matafiya ne, wayoyinsu ƙanana, saƙon murya kuma ya cika su. Direba zai shigo ya ce in kwashe masa saƙonnin iyalinsa in ajiye kafin ya yi arewa, kada wayar ta faɗi ko a ƙwace ta a hanya. Wata za ta kawo muryar mahaifiyarta da ta rasu, wani ya kawo kukan jaririnsa na ranar suna. Kowa na buɗe masa jakarsa a cikin rumbun kwamfutar, wato ɗan akwatin ƙarfen nan da masu gyara ke kira had dis, wanda a cikinsa akwai faifai mai sheƙi yana juyawa, shi ke riƙe duk abin da aka zuba. Ajiya suke cewa sun ba ni, ni ma haka nake cewa, amma ban taɓa yin kwafi na biyu na komai ba. Rumbu ɗaya ne, a cikin kwamfuta ɗaya, a ƙarƙashin teburina.

Cikin masu ajiyar akwai wani dattijo manomi daga wani ƙauye a yankin Daddara. Dogo ne siriri, yanar ido ta fara rufe masa gani, don haka in ana magana yakan karkatar da kai ya ba mutum kunne maimakon ido. Ɗansa namiji tilo ya tafi haƙar zinare can arewacin Nijar shekara uku kafin haka, ta wannan shingen na gaban shagona ya tsallaka. Daga Agadas ya turo saƙon murya guda, bai kai minti ɗaya ba, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. An ce motar da suka shiga ta ɓace a sahara, amma ba wanda ya ga gawa. Tsohon ya kawo mini wayarsa na kwashe saƙon, bayan 'yan watanni wayar ta faɗa rijiyar lambu ta mutu. Na sha ce masa in zuba masa a memori ya tafi da shi gida, yana cewa a'a, uwar yaron in ta ji muryar sai ta yi kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba, gara abin ya zauna wurina. Saboda haka duk Lahadi, in ya gama cin kasuwar Jibiya, sai ya hau mashin ya ƙaraso Magama, ya tuɓe takalmi a bakin shago, ya zauna a benci, in rage ƙarar sifika in kunna masa. Don yawan ji har na haddace saƙon. Yaron yana sallama, ya ce Baba shi ne, ya ce sun iso lafiya gobe za su shiga daji, a gaida Inna, sannan ya ƙare da roƙon Baba ya yafe masa tafiyar da ya yi ba da son ransa ba. Duk lokacin da aka zo wurin, tsohon sai ya amsa a hankali cewa ya yafe. Daga nan ya sa takalminsa ya tafi. Ya riga ya haƙura da yaron, wannan 'yar amsar kawai yake zuwa bayarwa.

Abin ya fara ne a wata bazara da aka rufe iyaka. Wanda bai san Magama tana cike ba, ba zai gane irin shirun da ya sauka ba. Motoci sun jeru makonni ba motsi, direbobi sun watse, masu abinci sun kife tukwane, da tsakar rana ba abin da kake ji sai kwanon rufi yana ƙara don zafi. A cikin wannan shirun kwamfutar ta soma wani hali. Ina cikin aiki sai komai ya daskare, 'yar jar fitilar rumbu ta kunnu ta ƙi mutuwa, sai in ji ƙas, ƙas, daga cikin akwatin kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa da farce, sannan ta dawo hayyacinta. In na buɗe baƙin allo sai in ga layuka suna zubowa da kansu. Abin da suke cewa, in an mayar da shi Hausa, shi ne ta kira rumbu bai amsa ba, ta yanke layin ta sake ƙullawa, ta rage gudu ta sake kira. Mai shayin da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo wata rana ya ga rubutu na tafiya ba hannun kowa a kan madannai. Ya ja da baya yana a'uziyya, ya ce dama shi bai taɓa yarda da tara muryoyin mutane a akwati ɗaya ba, har da na matattu a ciki. Na yi masa dariya har da buga tebur, amma bayan ya fita maganar ta ƙi fita daga raina.

Na ɗauki hoton rubutun na tura wa ogana da ya koya mini aiki a Katsina, wani Kirista ɗan kudancin Kaduna mai bin abu daki-daki, abin da a lokacin nake ɗauka jan ƙafa ne. Ya kira ni ya ce kada in yanke wa rumbu hukunci tukuna. Ya ce tsakanin rumbu da ƙwaƙwalwar na'ura akwai wayar da ke haɗa su, akwai kuma wani ɗan guntu manne a jikin babban allon cikin na'urar da ake kira kwantirola, shi ne ɗan dakon da ke kai kaya rumbu ya kuma ɗauko. In ɗan dako ya rikice zai sauke buhun wani a ɗakin wani, kuma wannan ba laifin sito ba ne. Ya ce in canja wayar rumbun, in gwada soka ta a wata kafar, in ɗauki rumbun in kai wata kwamfutar dabam in tambaye shi lafiyarsa, kuma kafin komai in kwafe ajiyar mutane a can, ba a kan tawa ba. Na ce to oga, na kashe waya. A raina na ce tsufa ne ya fara kama shi, ƙas ƙas ai ko ɗan koyo ya san kukan rumbu mai mutuwa ne. Gaskiyar magana kuma, kwamfutar da zan iya yin gwajin a kanta tana cikin garin Jibiya wurin wani mai shago da muke gasa da shi, ni kuwa ba zan rungumi kayana in je gabansa ba, a ce Injiniya ya kasa.

Abin da na fara yi ma abin kunya ne. Na nemo umarnin da ke hana rubutun fitowa a allo, don kada masu shigowa su riƙa gani suna tambaya. Ciwo na nan, ni kuma na toshe wa mara lafiya baki. Bayan kwana biyu na sa aka kawo mini sabon rumbu daga Katsina, na jona shi kusa da tsohon a cikin wannan kwamfutar dai, na ba da umarnin kwafe komai. Ta yini tana yi, tana daskarewa tana dawowa, ban ga koke ko ɗaya ba tunda ni na hana shi fitowa. Da ta gama na duba na ga jakunkuna sun cika, sunaye daidai, girma daidai. Ban buɗe ko guda na saurara ba. Akwai umarnin da ke auna kwafi da asali ya gaya maka ko sun zo ɗaya, na san shi sarai, na ƙi yi don zai ci mini wani yinin. Sai na yi abin da masu gyara suka saba yi da mataccen rumbu. Na kwance tsohon rumbun, na cire maganaɗisun ciki don riƙe ƙananan kusoshi, na zare faifan, wanda ya fi madubi sheƙi, na zura masa zare ta ramin tsakiya na rataye a ƙofar shago. Ado ne, kuma alama ce ga masu wucewa cewa a nan ana feɗe na'ura. Faifan rumbu in ya sha iska da yatsa ya gama aiki, wannan ma na sani.

Ranar Lahadi tsohon ya zo bayan azahar kamar yadda ya saba, ya tuɓe takalmi, muka gaisa, na kunna masa. Sallamar yaron ta fito, ya ce Baba shi ne. Sai sifikar ta yi wata ƙara kamar ana yaga tsumma, aka yi shiru, sannan iska mai ƙarfi ta taso, kuma a cikin iskar murya ta ci gaba da magana. Amma babu zancen isa Agadas, babu gaisuwar Inna, babu neman gafara. Cewa take ga shi nan tahe, ran Lahadi yana iyaka, a tarye shi. Daga nan ta yanke.

Saƙon da na sani kamar sunana, yau ya buɗe baki ya faɗi abin da bai taɓa faɗi ba. Faifan da ke ƙofa yana juyawa a hankali a kan zarensa duk da ba iska, yana jefa haske a bango, hasken ya ratsa fuskar tsohon ya wuce ya sake dawowa. Shi kuwa ko motsi bai yi ba. Can ya ce in sake masa. Na sake har sau huɗu, kowane karo abu ɗaya. Sannan ya karkato kansa wajena ya ce ɗana, shin na'urar nan tana iya karɓar sabon saƙo daga wanda ya aiko na farko?

Edita, a nan na yi kuskuren da ya fi duk sauran. Ban san abin da ya faru ba a lokacin, amma na san tabbas kwamfutar ba ta da hanyar karɓar saƙo daga kowa, ko intanet ba a jona mata ba. Da sai in ce Baba ban sani ba, da alama wani abu ya lalace. Amma mai shayi na tsaye a ƙofa, wasu mutum biyu sun leƙo, duk ni suke kallo. Na gyara zama na ce ai na'ura abin mamaki ce, ba abin da ba ya yiwuwa. Tsohon ya ɗaga hannuwa ya yi hamdala, hawaye na bin gemunsa, ya fita ya manta takalmansa, sai da na bi shi da su har bakin titi.

Kwanakin da suka biyo baya ban samu natsuwa ba. Labari ya zaga layin, mai shayi ya daina shigowa, daga waje yake miƙo mini kofi. Ni da nake yi masa dariya, in na zauna ni kaɗai da rana tsaka sai in ga ina satar kallon akwatin da ke ƙarƙashin tebur, ina janye ƙafata daga kusa da shi. Ranar Laraba ina buga wata takarda sai na ji ƙas, ƙas. Sabon rumbu fil daga kwali, yana irin kukan wanda na feɗe. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Kwamfutar ta mutu, da na sake tayar da ita ta ƙi shiga, ta ce tsarin ajiya ya hargitse sai an gyara. Na ba ta umarnin ta gyara kanta, na kuma ce ta amsa eh ga duk tambayar da za ta yi, ba tare da na karanta ko ɗaya ba. Ta yi ta share abin da ta ga dama. Sai bayan nan na buɗe bakin da na toshe, layukan nan suka zubo, iri ɗaya sak da na farko, maganar oga ta dawo mini kalma kalma.

Na canja wayar rumbun, bai daina ba. Na haɗiye girman kai na ɗauki sabon rumbun na kai Jibiya wurin abokin gasar nan. Ya matsa ya ba ni kujera, wannan ma ya fi zagi ciwo. Muka jona, muka tambayi rumbun lafiyarsa, lafiya lau. Ɗan dakon ne ya haukace, zafi da wutar janareta mai hawa da sauka sun dafa kwantirola. Ƙas ƙas ɗin da nake ji ba kukan mutuwa ba ne, rumbun ne ke komawa farko duk lokacin da aka yanke masa layi. Ma'ana tsohon rumbun da na feɗe lafiyarsa ƙalau, muryar yaron tana ciki cikakkiya a ranar da na sa masa sukundireba. Na buɗe jakar dattijon a wannan kwamfutar, na tarar babu komai. Gyaran da na yi ranar Laraba ya share har 'yar sallamar da ta rage. Na bi sauran jakunkunan ɗaya bayan ɗaya, na ji wa'azi a tsakiyar guɗar biki, na ji kukan jariri a cikin gaisuwar wata tsohuwa. A jakar wani matashin direba ɗan Maraɗi na ci karo da iskar nan. Saƙo ne da ya taɓa aika wa nasa mahaifin, yana cewa ga shi nan tahe, ran Lahadi yana iyaka, a tarye shi don kayan da ya ɗauko suna da yawa. Ba aljani, ba fatalwa. Buhun wani aka sauke a ɗakin wani, kuma ni na tsaya a kai aka yi.

Kana iya zaton daga nan na je na faɗi gaskiya. Ban je ba. Lahadi ta zago, tun hantsi na hango tsohon a gindin bishiyar da ke kusa da shinge, ya sa fararen kaya, ga ƙwaryar fura a gefensa an rufe da faifai. Ko kasuwa bai shiga ba. Duk wanda ya ɓullo daga wancan gefen a ƙafa sai ya karkatar da kai ya saurari takunsa da muryarsa har ya wuce. Da la'asar ya shigo shago ya ce in kunna masa. Na riga na yanko guntun nan daga saƙon direban na ajiye a wayata, shi na sa masa. Ya tambayi ina sallamar farko, na ce na'ura ce ta haɗiye ta. Ya gyaɗa kai ya ce ba komai, wataƙila wata Lahadin yaron yake nufi, tunda hanya a rufe take.

Lahadi bakwai muka yi a haka. Hanyar ƙauyensu ba ta da daɗin bi a lokacin, mutane sun rage fita, amma shi bai fasa ko sau ɗaya ba. Ma'aikatan shinge suka saba da shi har suka riƙa ajiye masa benci. Ya gaya mini ya kasa riƙe maganar ya faɗa wa uwar yaron, ta sa an yi wa ɗakin ɗan nata sabon yaɓe, ita ke dama furar da hannunta tun asuba. Duk mako ina shirya kalmomin da zan gaya masa, duk mako in na ga fuskarsa sai in ce bari sai mai zuwa. Ina gaya wa kaina tausayi ne ya hana ni. Ƙarya nake yi, tsoron ranar da za a daina ce mini Injiniya ne. Kuma duk wannan lokacin faifan yana rataye a ƙofa, tsohon yana sunkuyawa ya wuce ta ƙarƙashinsa.

Aka buɗe iyaka, gari ya fara dawowa. Ranar Lahadi ta takwas rana ta yi zafi sosai, na ce wa tsohon ya dawo inuwar shagona ya zauna, daga nan ma ana hango shinge. Yana zaune a benci da ƙwaryarsa sai ga direban nan ɗan Maraɗi, ya baro babbar motarsa a wajen 'yan duwan, wato kwastan, ya tako a ƙafa don ya karɓi ajiyarsa. Tun daga nesa ya ɗaga murya yana kirana, yana cewa ga shi ya taho, ina kwana biyu. Ban taɓa ganin mutum ya miƙe irin miƙewar da tsohon ya yi ba. Gwiwarsa ta ture ƙwaryar, fura ta malale a ƙasa, ya kira sunan ɗansa da ƙarfi har mutanen tsallaken titi suka juyo. Ya tafi da hannuwa a miƙe ya cafke direban, ya rungume shi, sannan ya soma shafa fuskarsa da yatsu. Ya taɓa gaya mini ɗansa yana da tabo a girar hagu, fartanya ce ta sare shi yana ƙarami. Na ga yatsunsa sun je wurin, sun dawo, sun sake zuwa. Direban ya tsaya cak, bawan Allah, bai ture shi ba, ya dai ce Baba lahiya? Tsohon ya ce ya ƙara magana. Ya ƙara. Muryar ita ce, fuskar ba ita ba ce. A hankali hannuwansa suka sauka, ya juyo wajena ya karkatar da kai yana jira.

A gaban mai shayi da direban da duk wanda ya taru na faɗi komai, tun daga shawarar da na ƙi bi har guntun da nake kunna masa daga wayata. Tsohon ya saurara har na gama, sannan ya ce to ya ji, abu ɗaya yake so, in sa masa na asalin, wanda yaron ke neman gafara, ya amsa masa ya tafi gida. Na miƙa hannu na kwance faifan daga ƙofa na ɗora masa a tafin hannu, na ce Baba yana cikin nan, amma babu na'urar da za ta iya fito da shi yanzu, ni na lalata hanyar da hannuna. Ya jujjuya shi, ya shafa shi da babban yatsa, sai ya ɗaga shi ya kara a kunnensa. Ya daɗe a haka, mu duka muna tsaye muna kallonsa.

Da ya sauke ya ce ya yafe mini, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ce abin da zai gaya wa uwar yaron shi ne nauyinsa, zai san yadda zai yi. Amma akwai abin da yake so in gaya masa, tunda ni ne mai sani. Ya ce tun da ya fara jin wannan muryar, ita ce ke zuwa masa in ya tuna ɗansa, yanzun nan ya nemi ta yaron a cikin kansa ya rasa. Ya tambaye ni ko wannan ma akwai gyara. Ban ba shi amsa ba, don a karon farko ban yi ƙoƙarin ƙirƙiro wata ba. Ya miƙo mini faifan ya ce in ci gaba da riƙewa, ai ajiya ce. Ya ɗauki ƙwaryarsa, direban ya raka shi har wurin masu mashin. Bai sake zuwa shagona ba.

Na kai faifan wurin oga a Katsina. Ya ɗaga shi a haske ya ga zanen zare da shatin yatsu, ya girgiza kai ya mayar mini. Bai ce ai na gaya maka ba, da ma ya faɗa da na ji sauƙi. Sauran masu ajiya na bi su ɗaya ɗaya na gaya musu abin da ya samu nasu. Wasu suna da kwafi a waya, wasu ba su da shi, wasu sun zage ni kuma sun yi daidai.

Har yau ina wannan sana'ar, shi ya sa nake rubuto maka, don na san akwai ire-irena da yawa a shagunan bakin titi. In na'ura ta yi kuka, 'yan uwa, ku karanta abin da take cewa, kada ku rufe mata baki. Kada ku ɗora wa rumbu laifi sai kun gwada waya, kun gwada kafa, kun kai shi wata na'urar, ko da ta abokin gasarku ce. Kada ku kwafe kayan mutane ta hanyar da kuke zargi, kada kuma ku taɓa asali sai kun buɗe kwafin kun ji da kunnenku. Ku kuma masu ba da ajiya, abin da ba za ku iya sake samu ba kada ku bar shi wuri ɗaya, kome yardarku da mai shagon. Amma duk wannan gyaran ƙarfe ne. Abin da ya fi ci mini rai ba rumbun da na feɗe ba ne, kalma uku ce da na kasa faɗi ranar da dattijo ya tambaye ni, ban sani ba. Da na faɗe su da ya rasa saƙo kawai. Da na ƙi, ya sake rasa ɗansa a bainar jama'a, ya rasa har muryarsa.

Faifan yana nan a durowata, na naɗe shi a farin ƙyalle. Ni kaɗai na rage da na haddace saƙon daga farko har ƙarshe, sai dai kalmomin kawai gare ni, muryar ba ta bakina. Wata Lahadin in layi ya yi shiru bayan azahar nakan tarar ina maimaita shi a zuci, sallama, mun iso lafiya, a gaida Inna, har in zo wurin da yaron ke roƙon a yafe masa. A nan nake tsayawa, don ba ni ne mai amsawa ba.